Reshen da Illa Ya Ɗauke

Ranar da Rahina ta fita takaba, mata suka cika gidan da lalle da turare, ita kuwa hankalinta ba ya wurin. Tana sallamarsu ta aika aka kira mata ƙanenta Sule. Ta ce ya duba motonsa, wato babur ɗinsa, ya zuba mai, jibi zai kai ta ta ga inda mijinta ya cika.

"Yaya, Kutus fa! Sai an wuce Gure. A wannan zafin?"

"Shi da keke ya je," in ji ta.

Sule ya dubi fuskarta, ya tashi ya tafi neman mai.

Mijin nata, Mutari, gyaran keke yake yi a Zango, nan cikin Damagaram, ƙarƙashin wani dogonyaro. Shi da abokansa shida suna da wata al'ada da unguwa duka ke yi musu dariya a kanta. Kowace shekara in an gama yankan gero, sai su ɗaure tabarma da bargo da bidon ruwa a bayan keke, su bar gari kwana bakwai ko takwas. Ba fatauci ba, ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba. Tafiya kawai. Kuma ba sa bin kwalta, don sun tsani manyan motoci. Hanyar jakai da amalanke suke nema, wadda ke ratsa gonaki ta shige tsakanin duwatsu. Sun fara suna da baƙin gashi, har furfura ta cim musu ba su daina ba.

In ya dawo, baƙi wuluk, leɓe a fashe, sai ya kwana uku yana ba ta labari. Wai akwai wurin da ba ka jin komai sai ƙarar sarƙarka da kukan kurciya. Wai akwai duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera tukwane a ɗakin amarya. A hawa ka sauka ka tura keke kana haki kana zagin wanda ya kawo shawarar, a gangare ka saki birki iska ta cika maka riga ka manta shekarunka. Duk ƙauyen da suka sauka, kafin su jingine kekuna an kawo ƙwaryar fura, a masallaci kuma suke kwana.

Doka biyu gare su, ta sha jin su har ta haddace. Mai gaba, wato Mushe Abdulaziz, tsohon malamin makarantar boko da ake cewa lakwal, in ya zo mararraba a kan dutse inda taya ba ta barin sawu, sai ya karyi ɗanyen reshe ya gicciya shi a bakin hanyar da ba za a bi ba. Mai baya kuma, wato Illa tela, aminin Mutari tun suna yara, shi ba ya wuce kowa. Ko mutum zai yini yana liƙe taya, Illa na tsaye a kansa. In kowa ya wuce mararraba, shi ke ɗauke reshen ya jefar, domin a shekarun farko mutanen wani ƙauye sun tarar da reshe a gicciye a hanyarsu suka ce asiri aka yi musu, sai da aka kai magana gaban mai gari.

A bara likita ya auna Mutari ya ce tansiyo, wato hawan jini, ta yi masa yawa, ya rage wahala. Rahina ta roƙe shi ya haƙura da tafiyar. Ta roƙa da lalama, ta roƙa da kuka, ta sa ɗiyarsu Lubna ta zo daga gidan mijinta ta roƙa. Shi kuwa sai dariya, yana shafa wa sarƙa mai. Ran tafiya ba ta yi masa dambun zogale da ƙuli-ƙulin da ta saba ɗaura masa ba. Ya fito da keke tsakar gida bayan sallar asuba, ya ce, "To, Innar Lubna, sai na dawo." Tana wanke tukunya, ba ta ɗago ba. Ya sake faɗa. Sai ta ce, "Ka tafi. In ka faɗi a daji kada a kawo mini kai." Ya ɗan tsaya, sannan ya tura keken ya fita.

Ba a kawo mata shi ba kuwa. Kwana shida da fitarsu, su shida suka dawo cikin motar kasuwa da kekuna bakwai a ɗaure a sama.

Abin da ya hana ta haukacewa a kwanakin nan, maganar Illa ce. Ran sadakar uku ya nemi a ba shi wuri, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu. Ya ce sun iso wani ƙauye da ake kira Garin Bulama Umaru a gindin duwatsun Kutus, Mutari ya ce kansa na juyawa. Shi Illa ya kwantar da shi ƙarƙashin wata tsamiya a bakin rijiya, ya ɗora kansa a cinyarsa, ya ba shi ruwa ya sha. Mutari ya yi kalmar shahada da bakinsa. Kafin nan kuma ya kama hannun Illa ya ce, ka gaya wa Rahina na yafe mata duniya da lahira.

Da wannan maganar ta ci abinci. Da ita ta yi barci wata huɗu da kwana goma. In abin da ta faɗa masa ran tafiya ya taso mata ya shaƙe ta, sai ta maimaita ta a ranta har numfashinta ya dawo. Kowace Juma'a Illa na aiko da cefane, sauran abokan ma suna leƙowa su yi gaisuwa daga zaure.

Da Illa ya ji labarin tafiyar, ya zo da yamma har da ɗan tsokanarsa ta da.

"Matarmu, me nake ji? An ce za ki gaje mu, za ki shiga daji. Mu ba ki keke ne?"

"Moto zan hau, Malam Illa. Ni ban haukace ba tukuna."

"To me za ki gani can? Tudun ƙasa ne. Kuma kin san mata ba sa shiga maƙabarta."

"Ba zan shiga ba. Tsamiyar nake so in gani. In zauna inda ya kwanta, in dawo."

Ya murza hularsa. Ya ce hanya ba kyau, rezon waya babu, in moto ya lalace sai Allah. Ya ce ta bari sai kaka, su kai ta da kansu. Ta yi masa godiya, a ranta tana cewa Allah sarki, har yanzu yana tsare gidan amininsa.

Suka yini a kwalta, suka kwana Gure gidan wata ƴar uwar mahaifiyarsu. Da safe suka yanki arewa. Tun Rahina na riƙe da rigar Sule da hannu ɗaya har ta koma riƙewa da biyu. Yashi ya ƙare, tsakuwa ta karɓa, sannan duwatsu suka fara tasowa ja da baƙi, wasu da kai a shafe kamar an yanke da wuƙa. Ba mota, ba mutum, sai wani lokaci raƙumi ya ɗago kai daga ƙaya ya bi su da kallo. A wani hawa moto ya kasa ɗaukarsu su biyu, ta sauka ta taka. Da Sule ya kashe inji a saman yana jiran ta, shiru ya rufe wurin. Ta tsaya ta ji kurciya can ƙasa cikin kwari. Ashe ba ƙari yake yi ba, in ji ta a ranta. Ta ji haushin kanta da ba ta taɓa tambayarsa komai ba in yana ba da labarin, sai dai ta ce ya matsa ta share wurin.

Garin Bulama Umaru bai fi gida ashirin ba. Bulaman ya tafi kasuwa, sai matarsa, wata tsohuwa mai suna Shatu, ta shimfiɗa musu tabarma. Hausarta da karin Barebari, amma ana ganewa sarai. Da ta ji ko wace ce Rahina, ta kama hannunta ta riƙe.

"Matar mai keke! Wayyo ɗiyata. Allah ya jiƙansa. Mijina ne ya yi masa wanka."

Bayan sun sha ruwa Rahina ta ce, "Inna, ki nuna mini tsamiyar."

"Wace tsamiya?"

"Ta bakin rijiya. Inda ya kwanta."

Shatu ta dubi Sule, ta dubi Rahina. "Rijiyarmu ga ta can, ko inuwar akuya babu a wurin. Garin nan ba tsamiya. Kuma shi ai ba cikin gari ya rasu ba."

"A ina ya rasu?"

"Ba su gaya miki ba?"

Rahina ta zuba mata ido. Tsohuwar ta ga kamar ta taka abin da bai kamata ba, ta fara gyara ɗankwali tana cewa rai na Allah ne, ko'ina mutum ya cika ai ƙasa ɗaya ce. Rahina ta ce, "Inna, don girman Allah. Daga Damagaram na taso."

Sai Shatu ta tashi ta ce su biyo ta. Suka taka bayan gari, suka wuce wata gona da ba komai cikinta sai kututturen gero, har inda hanya ta hau kan wani shimfiɗaɗɗen dutse ta rabu biyu.

"Wannan gonata ce. Ran nan ina tsinkar wake, rana ta take. Na ga masu keke sun fito daga kudu, dattawa, na tsaya ina kallo don ban taɓa ganin irinsu ba. Na gaban, mai tabarau, ya sauka ya karyi reshen aduwa ya ajiye a nan, bakin ta hagu. Suka bi dama, su biyar. Can an jima ga wani shi kaɗai, gajere, mai jar hula. Ko sauka bai yi ba. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauki reshen ya wurga cikin gonata, ya bi dama."

Illa ne gajere, kuma jar hula ba ta barin kansa.

"Sai wajen la'asar na ga na bakwai. Dogo. Ya tsaya a nan ya duba hagu, ya duba dama, ya duba ƙasa. Ta hagu ta fi faɗi, kin gani, tun lokacin da ake zuwa tsohuwar rijiya. Ya bi ta. Na ɗaga masa hannu daga can nesa, shi ma ya ɗaga mini, ya ɗauka gaisuwa ce. Ni kuma na ce ko ya san inda za shi. Mutumin birni, da keke, wa zai ce ɓata ya yi?" Ta share ido da bakin zane. "Rijiyar ta ƙafe shekara goma. Bayanta ba kowa, sai dutse. Abokansa sun dawo da magariba suna nema, duhu ya hana. Washegari da hantsi wani mai raƙuma ya tsince shi. Ya jingine kekensa da dutse, ya kwanta a ɗan inuwarsa. Bidonsa ba ko ɗigo."

"Shi kaɗai," in ji Rahina.

"Shi kaɗai, ɗiyata."

"Ba wanda ya ji ya ce wani abu."

"Wa zai ji?"

Sule ya fara zagi ƙasa-ƙasa, Rahina ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta ce a kai ta wurin. Moto bai iya shiga ba sai rabin hanya, sauran suka taka. Dutse ne kamar kowane dutse, da ɗan lungu a gindinsa wanda ba zai rufe mutum duka ba. Ta zauna a ciki. Ta so ta yi kuka, kukan bai zo ba. Abin da ta ɗauko daga gida ta zo ta ajiye a nan, wato godiyarta gare shi da ya yafe mata, ya zama ba shi da wurin ajiya. Ta ce, "Malam, ka yafe mini," da ƙarfi, har Sule ya juya baya. Ta daɗe zaune. Sannan ta tashi ta kakkaɓe zanenta. A hanyar komawa gari Shatu ta nuna mata maƙabarta daga nesa, ta ce kabarinsa na gefen gabas ne, mai ƙaya a kai. Ta yi addu'a a tsaye.

Kwana biyu suka yi a hanyar dawowa, ba ta ce wa Sule komai ba sai in ya tambaye ta ko za ta sha ruwa. Suka shigo Damagaram bayan la'asar. Ta ce kada ya kai ta gida, ya sauke ta a dogonyaron Mutari. Tun rasuwarsa abokan suka mayar da wurin fadarsu, kullum da yamma suna can ana dafa shayi.

Duk shidan suna nan. Mushe Abdulaziz ne ya fara ganin ta, ya cire tabarau ya miƙe.

"A'a, Innar Lubna! Sannu da hanya. Ku ba ta kujera."

"Ba zama na zo yi ba, Mushe." Ta dubi Illa, wanda ke riƙe da ɗan kofin shayi bai kai baki ba. "Malam Illa, ban ga tsamiyar ba."

Shayi ya tafasa ya zubo kan gawayi, ba wanda ya sauke.

"Na ga mararraba dai. Na ga matar da ka jefa wa reshe a gona."

Illa ya ajiye kofin a ƙasa. Da ya yi magana, muryarsa kamar ba tasa ba. Ya ce tayar Mutari ce ta fashe sau biyu a wuri ɗaya. Shi Illa ya tsaya a kansa, ya tsaya, ƙishirwa ta dame shi, ruwansa ya ƙare. Mutari ya ce ya wuce, yana tafe. Shekara ashirin da uku bai taɓa wuce kowa ba, sai ran nan. Da ya iso mararraba, wallahi bai san lokacin da hannunsa ya ɗauki reshen ba. Hannun ya saba, in ya ga reshe to kowa ya wuce. Bai tuna ba sai da suka sauka a gari na gaba, rana ta yi ja, Mutari bai iso ba.

"Wannan tsakaninka da shi ne," in ji Rahina. "Ni abin da ka kawo mini bakin ƙofa nake tambaya. Wa ya aiko ka da shi?"

Mushe Abdulaziz ya sa baki. "Mu duka ne, Innar Lubna, kada ki ɗora masa shi kaɗai. A mota muka yi shawara. Lubna ta gaya mana a waya yadda kuka rabu, kina ta buga kanki da bango. Muka ce in kin ji ya mutu shi kaɗai da ƙishirwa, ba za ki rayu ba. Tausayi ne."

"Tausayin wa? Nawa, ko na mai jar hula?"

Mushe ya mayar da tabaransa.

"Wata huɗu ina gode wa mamaci a kan abin da bai ce ba. Da kun bar ni da gaskiya, da na yi ta roƙon Allah ya sa ya yafe mini, dare da rana, cikin takabata. Kun sa na kwanta na yi barci." Ta juya ga Illa. "Me ya ce maka na ƙarshe? Na gaskiya."

Illa ya ce, "Ya ce, wuce mana Illa, ka tsaya mini a ka kamar jandarma."

Wani daga cikinsu ya yi wata ƴar dariya da ta koma kuka, ya rufe fuska da hannun riga. Rahina ta san wannan maganar Mutari ce, ba wanda zai iya ƙirƙiro ta.

"A kwana biyar ɗin nan, ya ambace ni?"

Suka dubi juna. Wannan kallon ya fi komai yi mata ciwo, don ta ga suna auna abin da za su ba ta. Mushe ya ce, "Daren farko, da aka buɗe guzuri, ya ce bana ba dambu, uwargida ta yi fushi. Yana dariya ya faɗa."

"Yana dariya."

"Wallahi yana dariya."

Ta so ta karɓa. Ta tsaya tana juya maganar, tana neman inda za ta riƙe ta, ta ga bakin da ya faɗe ta shi ne ya zauna a zaurenta kowace Juma'a yana cewa Allah ya sa mu cika da kyau irin na Mutari.

"Ko wannan ma ban san ko gaskiya ba ce," in ji ta. "Kun ga abin da kuka yi mini."

Illa ya zame daga benci ya durƙusa a cikin ƙasa, tsoho da furfura, mutanen hanya har sun fara tsayawa. "Rahina, don Allah don Annabi, ki yafe mini."

"Mai yafe maka yana Kutus, Malam Illa. Nawa ma can yake. Kada a sake aiko mini da cefane."

Ta ja mayafinta ta bi lungu zuwa gida, ba wanda ya kira ta. Ta tarar Lubna ta zo ta share tsakar gida ta ɗora tukunya, tana jin sallama ta fito da gudu.

"Inna, sannu! Kin ga wurin?"

"Na gani," in ji Rahina. Ta zauna a bakin ƙofa ta fara cire takalmi. "Sauke tukunyar nan ki zo ki zauna. Ba yadda aka gaya mana ba ne."